Ki Sa Ni a Tsakiya

Masu haƙar kabari sun iso tun rana ba ta yi zafi ba. Suka jingine shebur da diga a gindin mangwaron ƙofar gida, suka zauna jiran a nuna musu wuri. Aka sauke tukunyar gwaza ta farko, aka ɗora ta biyu, babu wanda ya ce musu ci kanku. Gobe da safe za a ɗauko gawar Sairusi daga asibiti, gobe za a binne shi, amma har yanzu ba a san inda za a haƙa ba. Duk ƙauyen kuma sun haƙiƙance cewa matarsa Torika ce ta sani.

Torika kuwa ba ta sani ba.

Bakinta ne ya jawo mata. A ƙa'idarmu ina ruwan mace da zaɓen kabari? Dangin miji ne ke zama a rumfa, su sha kava, jiƙon saiwar da ake sha a taro, su yanke, a zo a gaya mata. To amma ranar da Sairusi ya cika, ita kaɗai ce a bakin gadonsa. Ya buɗe ido, ya lalubi hannunta, ya ce, “Maman Marika, ki sa ni a tsakiya.” Ta ce, “Tsakiyar me?” Bai amsa ba. Ta sunkuya ta sake tambaya, nan ma shiru, kuma daga wannan shirun bai dawo ba. Da wansa Netani ya iso ya tambaye ta ko mamacin ya bar wata magana, maimakon ta ce a'a ta huta, sai ta faɗa masa. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin ta dawo gida har yara sun san Sairusi ya bar wasiyya, kuma a yankinmu na Nadroga, nan ƙasar Fiji, ba a taka maganar mai mutuwa.

Tana zaune a babban ɗaki cikin baƙaƙen kaya, tabarmin da masu gaisuwa suka kawo an jibge su a bayanta sun kusa taɓa taga. Mata na fifita, suna satar kallonta. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne, shekara arba'in da 'yan kai, mutumin nan bai taɓa yi mata magana a dunƙule ba. In shayi yake so, shayi zai ce. In wa'azin fasto ya yi tsawo, a bakin coci zai faɗa, faston na ji. Gajere ne, kai a dashe kan kafaɗa ba wuya a tsakani, kunnuwa duk sun nannaɗe saboda wasan zari-ruga. Ya yi soja, ya je Labanan aikin kiyaye zaman lafiya, kuma tun da ya tuɓe kaki bai ƙara kwana a wani gida ba sai nasa. Ko 'yan wasanmu za su buga a Suva, babban birni, motar asuba zai bi, ya dawo ko a bayan motar rake ce. Shi ke yi wa 'yarsa Sala kitso tana ƙarama, maza na yi masa dariya, yana cewa hannun da ya iya kwance bindiga ido rufe ba gashi ne zai gagare shi ba. Jikoki kuwa a hammata yake ɗaukarsu kamar ƙwallo. Sau ɗaya ya kunyata ta: wata Lahadi ya ɓoye ƙaramar rediyo a aljihun zanen da mazanmu ke ɗaurawa, ana tsakiyar addu'a 'yan Fiji suka ci, ya miƙe tsaye ya kwarara ihu. Faston ya ce amin, don bai san me zai ce ba.

Wannan mutumin ne zai tashi tafiya ya bar mata kacici-kacici?

Marika shi ne ɗansu na fari. Zazzaɓi ya ɗauke shi bai ko isa shiga makaranta ba, uban yana Labanan. Da aka haifi Sala, a hankali kowa ya koma kiran Torika Maman Sala, don kada a fama mata ciwo. Sairusi kaɗai ya ƙi canzawa, har kunnenta ya daina jin sunan, ya zama kamar sannu. Shi ya sa ma da take ba Netani labari ba ta faɗi wannan ɓangaren ba. Akwai kuma abin da ta riƙe shi da shi duk tsawon shekarun nan. Ranar da ya dawo daga Labanan, ta kai shi kan ɗan kabarin, ya tsaya ƙiƙam kamar a fareti, ido a bushe. Suka dawo gida ya ce ko akwai sauran rogo. Ta dafa masa, amma ba ta yafe ba.

Netani ya shigo a duƙe, ya zauna daga bakin ƙofa, ya tafa hannu. Dogon dattijo ne, shi ke riƙe makullin coci, mutumin da ko atishawa zai yi sai ya gyara zama.

Ya ce, “Maman Sala, samari suna jira. Na kwana da maganar nan, kuma na gane ta. Tsakanin mahaifinmu da mahaifiyarmu yake nufi, can kan tudu. Auta ne, a tsakiyarsu ya yi kwanan ƙuruciya.”

“Akwai wuri a nan, Yaya?”

“In an matsa, akwai.”

“Wa zai matsa? Su ko shi?”

Wata tsohuwa ta toshe baki da mafici. Torika kuwa ba wasa take ba. Wani abu ne yake damunta tun ranar farko, ta kasa faɗa wa kowa. Duk wanda ke tsakiya, ai dama da hagunsa a cike suke. To ita fa? Ita ba 'yar ƙauyen nan ba ce, daga kan duwatsu aka auro ta, ga 'yan'uwanta can a rumfa sun zo gaisuwa. In babu gurbinta a gefen mijinta, ran da ta mutu za su zo su ɗauke ta su maida ita inda aka yanke mata cibiya, babu mai hana su. Ba ta taɓa tunanin za ta kwanta a wani wuri ba sai kusa da shi. Amma tsohuwa mai jikoki ta buɗe baki a gaban wan miji ta ce ina son a bar mini gefensa? Ai sai a yi shekara ana ba da labari.

Ta ce, “Ka ɗan ba ni lokaci, Yaya.”

“Lokaci ai na rana ne, ba nawa ba.”

Bai rufe baki ba aka ji tsayuwar mota. Tsofaffin sojoji ne, fararen riguna, lambobi na rawa a ƙirji, wannan na ɗingishi wancan na tari. Babbansu Kitione, mutumin tsibirin Kadavu, shi ya durƙusa riƙe da tabua, haƙorin babban kifin teku da ake miƙawa in magana ta yi nauyi. Ya yi jawabin gaisuwa yadda ya kamata, har mata suka fara sharar hawaye. Netani ya karɓa, aka tafa. Ana gama tafin, Kitione ya koma Kitione.

Mu da mutanen Kadavu abokan wasa ne tun kaka da kakanni, tau muke ce wa juna. Tau zai kama aladenka ya yanka a gabanka, ya zagi gawarka, kai kuwa ba ka da ikon fushi. Kitione ya warce maficin tsohuwar nan, ya miƙe ƙafa kusa da Torika.

“Tau, ina ragon mijin naki? An ce ya gudu daga fareti ba izini.”

“Ya gaji da ganin fuskarka ne, Tau.”

“Na ji kuna ta kame-kame a kan kalma ɗaya. Mutanen Nadroga ke nan, dawakinku sun fi ku kai. Tsakiya ai tamu ce. A maƙabartar sojoji a Suva akwai mutum biyu da muka tafi tare muka dawo da su a akwati. Tsakaninsu za mu sa shi. Na zo da tuta, na zo da mai busa, bayan motar kuma fili ne. Kuka yi mini gardama, gobe a hanya zan sace akwatin.”

Wasu suka yi dariya, wasu suka kalli Netani. Matsalar tau ke nan, abin da ya faɗa da wasa yana iya aikatawa da gaske, kuma babu inda za ka kai ƙara.

Torika ta ce, “Tau, wasa kake ko gaske?”

“Ni ma ban tantance ba tukuna.”

Ya yi fifita, ya rage murya. “Kin san a can ma tsakiya yake kwana? Ramin da muke fakewa sanyi gare shi kamar me. Ya ce gefe na 'yan Kadavu ne, in harsashi ya zo ya fara da marasa amfani.” Ya yi 'yar dariya, ta mutu a bakinsa. “Ran da saƙon yaronku ya iso, ajiye bindiga ya yi, ko hular ƙarfe babu, ya kama hanya. Wai zai tafi gida. A ƙasa, Tau, daga Labanan. Ni da Livai, ɗaya daga cikin na Suvan nan, muka bi shi muka kamo shi, ni a dama shi a hagu. Kin san ƙarfinsa, sai da ya ja mu kamar garma. Muka zaunar da shi a tsakiya. Kukan da ya yi har muryarsa ta ɗauke. An daɗe, in za a kwanta kowannenmu hannu ɗaya yake riƙewa, kada mu farka mu ga wayam.”

Torika ta dube shi. “Ya yi kuka?”

“Au, bai gaya miki ba?”

“Rogo ya tambaye ni.”

Kitione ya ajiye maficin. Can ya ce, “To ai a can ya ƙarar da shi, bai rago miki ko ɗigo ba. Marowacin banza.” Ya juya yana fyace hanci.

Ta tashi ta fita ta ƙofar baya. Shekara da shekaru tana riƙe da mutum kan laifin da bai yi ba. In akwai wannan Sairusin da ba ta sani ba, wa ya san ko akwai wani, wanda ransa ke can tare da matattun abokansa, wanda da gaske Suva yake so? Ta ji haushinsa, ta ji tausayinsa, ta rasa wanne za ta fara ji.

A rumfar girki ta tarar da Sala ita kaɗai, tana kankarar kwakwa tana kuka. Sala malamar makaranta ce a Nadi, su biyu ne suka yi karɓa-karɓar jinyar Sairusi a asibiti.

“Na,” in ji Sala, don haka muke kiran uwa, “akwai abin da ban faɗa ba.”

“Ke ma tsakiyar taki kika zo da ita?”

“Ran da ya cika, da safe, kafin ki karɓe ni, ya faɗa mini haka. Ya ce, Sala, sa ni a tsakiya. Ya zame ne ya dawo bakin gado, kafaɗarsa na danne da ƙarfen gefe. Ni da ma'aikaciyar jinya muka ɗaga shi muka maida shi tsakiyar katifa. Ya ce madalla, ya yi barci.” Ta goge fuska da bayan hannu. “Da na ji Baba Netani ya ɗauki maganar da girma, gari ya ɗauka, sai na kasa.”

Torika ta nemi turmi ta zauna a kai. Ta tuna. Da suka zo gyara shi bayan ya cika, a bakin gado yake, ƙarfen ya yi masa shaida a dantse. Ta ma shafa wurin da yatsa, ba ta kawo komai a ranta ba.

Ta ce, “Taƙi ɗaya zan matsar da shi. Na tsaya ina yi masa tambaya kamar alƙali.”

“Na, ban sani ba. Wataƙila da safe gado yake nufi, da yamma wani abu daban.”

“Wataƙila.”

Nan fa kanta ya ƙarasa ɗaurewa. In wasiyya ce, mijinta ya zaɓi wuri bai bar mata gefe ba. In ba wasiyya ba ce, abu na ƙarshe da ya roƙe ta a duniya ba ta yi masa ba. Ta juya wannan, ta juya wancan, kowanne ya fi ɗan'uwansa ciwo. In kuma ta fita ta ce jama'a ku yi haƙuri, gado ne, magana ta koma hannun Netani, Netani kuwa tudu zai ce.

Rana ta karkata aka aiko kiranta. Netani ya ce a hau maƙabarta gaba ɗaya, wataƙila in idonta ya gani zuciyarta za ta tuna. Aka kama hanya, Netani a gaba, sojoji na bi, masu haƙa da kayansu a kafaɗa, Torika da Sala a baya. Suna wuce filin ƙwallo wani tsoho ya taso daga gindin sandar raga, yana dogara sanda, sanye da koɗaɗɗiyar rigar wasa wadda tumbinsa ya daɗe da fin ƙarfinta. Aporosa ne. In za a yi turereniya a zari-ruga, mutum uku ne ke sahun gaba. A zamaninsu Maikeli ne a hagu, Aporosa a dama, Sairusi a tsakiya yana rataye a kafaɗunsu, yana janyo ƙwallo da dunduniya, shi ya sa 'yan wasa ba su san shi da wani suna ba sai Ƙugiya. Maikeli ya riga su tafiya. Aporosa kuwa turereniyar ta cinye masa kunne, ba ya jin komai sai abin da ya ga dama.

A kan tudu Netani ya nuna tsakanin kaburburan iyayensu. Kowa ya duba, wurin ɗan matsattse ne. Kitione ya miƙa wa wani sandarsa, ya kwanta a wurin da farar rigarsa da lambobinsa, kafaɗa ɗaya ta hau kan siminti.

“Ni da nake kamar tsinke ban shiga ba. Sai dai ku sa shi ta gefe kamar kifin gwangwani.”

Netani ya haɗe rai. “Tashi daga kan iyayena, Tau.”

“Sun ce in gaya maka sun ƙoshi da shi tun yana yaro, fitsarin kwance yake yi musu.”

Aporosa bai ji ko ɗaya ba. Ya daki ƙasa da sanda, ya ce da murya kamar yana kiran wani a ƙetaren kogi, “Me kuke nema a nan? Ku zo in nuna muku.” Ya ja su gefen da ke kallon coci, ya tsaya kan kabarin Maikeli, inda akwai fili a dama. “Ga shi nan. Maikeli a hagu. Ƙugiya kusa da shi. Ni in zo dama. Haka muka saba, ba mu taɓa ja da baya ba, ko ran da sojoji suka zo da ƙattinsu.”

Netani ya ce, “Wannan ba tsakiya ba ce. Gefe ɗaya fili ne.”

“Me ya ce?”

Kitione ya kai baki kunnensa. “Ya ce ba ka mutu ba tukuna, kana ɓata wa mutane lokaci.”

Aporosa ya kalli Netani sama da ƙasa. “Kai da ba ka taɓa sa kanka a turereniya ba, ina za ka sani? Kana can kana kaɗa ƙararrawa. Kana tsammani mu ne muke tsayawa, shi ya zo ya kutsa? Ƙugiya ne ke fara zuwa. Alƙalin wasa ya nuna wuri, ya je ya tsaya shi kaɗai, ya ɗaga hannuwa haka.” Ya yar da sandar, ya ɗaga hannuwa biyu, yana tangaɗi. “Na hagu ya shigo ƙarƙashin wannan, ya riƙe shi. Wannan kuma yana nan a ɗage. Ni kullum ni ne na ƙarshe, ina can ina ɗaure takalmi, yana zagina. Amma tun kafin in iso, shi na tsakiya ne. Kowa a fili ya san na tsakiya ne, don hannunsa a ɗage yake.”

Ya sauke na hagu kamar ya ɗora a kafaɗar wani, ya bar na dama a sama. Babu wanda ya yi dariya, har Kitione.

Torika ta ƙura wa hannun ido. Abin da ta fara ji ba wani abin kirki ba ne, haushi ne tsagwaronsa. Wato wannan kurman tsoho, da tumbinsa da warin taba, shi ya riga ta kama wuri? Shi ya iya buɗe baki a gaban jama'a ya ce a bar mini dama, ita da ta haifa wa Sairusi 'ya'ya ta wanke masa ƙafa tana jin kunya? Sai kuma maganar Sairusi ta dawo mata, ba rabin da ta ba Netani ba, duka, tun daga farkonta, da muryarsa.

Ta juya ta gangara. Sala ta bi ta, sauran suka biyo baya suna kallon juna. Can ƙasa, jikin shingen da ya raba maƙabarta da filin ƙwallo, akwai ɗan ƙaramin kabari zagaye da fararen duwatsun bakin teku. Ciyawar wurin a share take tas. Kullum da yamma in Sairusi ya je kallon atisayen samari, ta wannan gefen yake tsayawa da addarsa, mutane suna cewa don ya fi ganin turereniya ne. Ita ta san ba haka ba ne, shi ma ya san ta sani, ba su taɓa zancen ba.

Ta tsaya a dama da kabarin Marika, ta ce da masu haƙa, “Nan.”

Netani ya iso yana haki. “Ya ce miki nan?”

“Bai ce ba.”

“To kin tuna wani abu ne?”

“Yaya, ban san abin da yake nufi ba. Har gobe ba zan sani ba. Wataƙila Suva yake so, wataƙila tudu, wataƙila Maikeli. Wataƙila ma gado yake nufi.” Babu wanda ya gane wannan sai Sala, wadda ta sunkuyar da kai. “Amma kafin ya faɗa, da sunan yaron nan ya kira ni. Wannan ne ban gaya maka ba.”

Aporosa ya ja rigar Kitione. “Me ta ce?”

“An canza ka, Tau. Koci ya sa wani a gurbinka.”

Tsohon ya kalli ɗan kabarin, ya kalli inda Torika ke tsaye, ya daɗe yana auna kafaɗunta da ido kamar sabon ɗan wasa aka kawo masa. Ya ce, “Dama ta fi wuya. Nauyi ta kafaɗa biyu yake sauka a kanta.”

Kitione ya ce, “Shekara arba'in tana ɗauke da shi. Kai minti tamanin kake yi ka tafi shan kava.” Ya juya wajen mutanensa. “Ku sauke tutar daga mota. Ba zan saci akwatin ba, ya cika nauyi.”

Netani dai bai motsa ba. Ba mugun mutum ba ne, tsoro yake ji kada a taka maganar ƙanensa a hannunsa. Ya ce a hankali, “Maman Sala, na ga yaro a hagu. Amma duk surutun tsohon nan, ni idona fili yake gani a dama. Gobe in mutane suka tambaye ni, in ce musu wannan tsakiya ce?”

Ta karɓi shebur daga hannun ɗaya daga cikin masu haƙan, ta ja layi a ƙasa, ta matsa dama ta ja wani, ta bar faɗin mutum ɗaya a tsakanin layin da shinge. 'Yan'uwanta na kan duwatsu suna tsaye a baya, ta tabbatar sun gani.

“Ba ta zama ba tukuna, Yaya. Na ce maka ka ba ni lokaci.”

Netani ya kalli layin, ya kalle ta, ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Daga nan ya gyaɗa wa samarin kai. Diga ta sauka, ƙasar ta buɗe ja, da danshinta. Mutane suka fara komawa gida biyu-biyu, ana ta maganar wa zai kawo tabarmin da za a shimfiɗa a ciki. Torika ba ta tafi ba. Ta tsaya tana kallon ramin yana tafiya daidai kan layin da ta ja, har ya kai gwiwar mai haƙa.

Sai ta ce, “Dakata, ɗana. Ku ƙara masa faɗi.”

“Bubu,” in ji mai haƙan, don haka muke kiran kaka, “wannan ya ishi akwati.”

“Na sani. Ku ƙara taƙi ɗaya nan, taƙi ɗaya can. Gobe in kun saukar da shi, ku duba da kyau kafin ku fito. Kada kafaɗarsa ta taɓa bango.”